Danja Mai Ƙwaƙwalwa: Me Gunduma Ke Saya Idan Ta Zamanantar da Fitilun Hanya?

Da asubahin Laraba, 4 ga Nuwamba 2009, kwamfutar da ke juya fitilun danja kusan 750 a gundumar Montgomery ta jihar Maryland a Amurka ta daina magana da su. Fitilun ba su mutu ba. Ja na kamawa, kore na kamawa, ruwan ɗorawa na shiga tsakani kamar kullum. Abin da ya yanke shi ne umarnin da kwamfutar ke aika musu kowace safiya, cewa lokacin fita aiki ya yi, a ƙara wa manyan titunan da suka nufi birnin Washington lokaci, a kuma jera koren fitilu bi da bi don ayarin motoci ya wuce ba tsayawa. Gari ya waye fitilun suna aiki da lissafin lokacin da hanya take fayau. Gundumar da ke da mutum kusan miliyan guda, da yawansu kuma a Washington suke neman abinci, ta cushe daga wannan kai zuwa wancan. Haka aka wuni, haka aka tashi washegari, har hukuma ta ce kowa ya hau bas ɗin gunduma kyauta ko a samu sauƙin motoci a kan titi. Ma'aikata suka riƙa bin mahaɗa ɗaya bayan ɗaya suna gyara lokacin fitilu da hannu.

Kwamfutar da ta jawo wannan tun wajen 1980 take aiki. An san ta tsufa, an ma fara shirin sauya ta, sai ta riga shirin. Gunduma a Amurka tana ƙasa da jiha, kamar ƙaramar hukuma a wajenmu, sai dai ta fi ta kuɗi da iko nesa ba kusa ba, kuma Montgomery na cikin masu arzikin ƙasar. Duk da haka sai da ta bari na'urar da zirga-zirgar jama'arta ta rataya a kanta ta kai shekara talatin.

Yau gundumomi da birane da yawa suna rububin abin da ake kira fitilu masu basira, waɗanda ke ganin motoci da kansu su yanke hukunci nan take. Kamfanoni na talla, 'yan siyasa na yanke kyalle, ana yi wa jama'a alkawarin cewa gosulo ya kusa zama tarihi. Ina ganin fasahar tana da amfani na gaske, kuma duk gundumar da ke da hali ya kamata ta nufe ta. Amma basirar da ake tallatawa ita ce mafi sauƙin samu a cikin aikin gaba ɗaya. Mai wuyar shi ne idon da na'urar za ta gani da shi, da hannun da zai riƙa gyara wannan ido shekara da shekaru, da kuma mutanen da za su zauna su faɗa mata wanda ya kamata ta fifita idan buƙatu suka ci karo.

Kafin a je ga basira, sai an fahimci abin da danja take yi. Danja ba ta ƙara wa titi faɗi ko da taku ɗaya. Lokaci take rabawa. Injiniyoyin hanya sun daɗe da auna cewa idan aka ba layi ɗaya hannu, mota na ƙetare layin tsayawa kusan kowane sakan biyu, wato wajen mota 1,900 a awa guda da a ce kore ba ya ɗaukewa. To amma dole ya ɗauke, domin masu zuwa ta gefe su ma su wuce. Idan aka raba lokacin biyu, layin ya koma ɗaukar mota ɗari tara da 'yan kai. Kuma duk sauyin hannu yana cin kimanin sakan huɗu da ba mai morarsu: na ruwan ɗorawa, na ɗan lokacin da ko'ina ke ja don mahaɗa ta fayyace, da na direban gaba kafin ya saka giya ya motsa. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake rabon ruwa a gonakin rani ya san yanayin: ruwan da ke cikin magudana ba ya ƙaruwa, abin da aka sakar wa wannan fage an hana wa wancan, kuma wani yana tsiyayewa a hanya duk lokacin da aka juya shi.

Abu uku injiniya ke murɗawa. Akwai tsawon zagaye, wato lokacin da fitila ke ɗauka ta ba kowane ɓangare hannu ta dawo farko, wanda yawanci yake tsakanin minti ɗaya da minti biyu da rabi. Akwai rabon da kowane ɓangare ke samu a cikin wannan zagaye. Sai tazara tsakanin mahaɗa da mahaɗa, wadda ita ce ta ɓace wa mutanen Montgomery. Idan tsakanin danja biyu mita 500 ne, kuma motoci na gudun kilomita 50 a awa, ayarin da ya baro ta farko zai iso ta biyu bayan sakan 36. In koren ta biyu ya kama daidai lokacin, ayari ya wuce salin alin. In ya saɓa da sakan goma sha biyar, kowa ya taka birki, kuma haka za a yi ta yi a kowane zagaye har dare. Wahalar ita ce titi ba hannu ɗaya ba ne. Abin da ya dace da masu shiga gari yakan saɓa wa masu fita, ga kuma titunan da suka gitta, kowanne da nasa jerin fitilun.

A da, kuma har yanzu a wurare da yawa, ana tura mutane su tsaya bakin mahaɗa su ƙirga motoci na kwana ɗaya ko biyu. Injiniya ya ɗauki alƙaluman ya fitar da jadawali na safe, na rana, na yamma da na dare, a loda wa na'ura. Jadawalin na da kyau ranar da aka yi shi. Bayan shekara biyu an buɗe makaranta a wannan layi, an gina rukunin gidaje a wancan, babban kanti ya tashi ya koma wani wuri, ita kuwa fitila tana nan tana bin ƙidayar wata Talata da ta shuɗe. Hukumar manyan hanyoyi ta tarayyar Amurka na ba da shawarar a sake lissafin kowace danja duk shekara uku zuwa biyar, amma hukumomi da yawa ba su da ma'aikatan da za su cika wannan. Ƙasar na da fitilu sama da 300,000. Da ƙwararrun fannin suka auna yadda ake kula da su a faɗin ƙasa a 2005, makin da suka bayar na daf da faɗuwa ne. Sun sake aunawa a 2007 da 2012, makin bai ɗaga ba sai kaɗan. Ba rashin fasaha ne ya jawo haka ba, rashin kulawa ne.

Matakin farko na fita daga wannan shi ne a ba fitila ido. Wanda ya lura da kwalta a gaban layin tsayawa a garuruwan Amurka zai ga an tsaga ta da zarto, an yi zane mai kusurwa huɗu ko da'ira, an cike tsagar da baƙin danƙo. A ciki waya ce aka nannaɗe sau biyu ko uku, ana ratsa ta da 'yar wutar lantarki. Ƙarfen mota na hawa kanta sai yanayin maganaɗisun wurin ya sauya, saƙo ya tafi cewa ga mai jira. Saƙon na zuwa ne cikin wani akwatin ƙarfe mai tsayin mutum da ke tsaye a gefen hanya, wanda masu wucewa ba sa ko kallonsa. A cikinsa na'urar da ke juya fitilun take, da fankar da ke rage mata zafi, da wata ƙaramar na'ura mai aiki ɗaya tak: ta sa ido kada a taɓa ba ɓangarori biyu masu karo da juna kore a lokaci guda. Da ta hango haka sai ta ƙwace iko ta mai da fitilun masu ƙyaftawa har ma'aikaci ya zo. Bayan wayar kwalta an samu kyamara da ke gane mota daga hoto, da rada, da kyamara mai jin ɗumin jiki wadda dare ba ya hana ta gani.

Da ido ya samu, sai tunani. A shekarun 1970 hukumar hanyoyin jihar New South Wales a Ostireliya ta ƙirƙiro wa birnin Sydney tsarin da ake kira SCATS, kusan lokaci guda kuma cibiyar binciken hanyoyi ta Birtaniya ta fitar da SCOOT. Na farko yana auna yadda motoci suka cika koren da aka ba su a bakin layin tsayawa, in ya ga ana barin sakan a banza ya rage, in ya ga layi bai ƙare ba ya ƙara. Na biyu yana ƙirga motoci tun daga nesa kafin su iso, ya yi hasashen layin da za su yi, ya riƙa gusa lokacin da 'yan sakan kaɗan-kaɗan ba tare da direba ya ankara ba. Duka biyun sun girmi yawancin masu tallan ƙirƙirarriyar basira na yau, kuma har gobe suna aiki a birane da dama na duniya.

Gundumar Oakland ta jihar Michigan, arewa da Detroit, na cikin waɗanda suka fara ɗaukar wannan da gaske a Amurka. A 1992 hukumar hanyoyinta ta kafa SCATS a garin Troy ƙarƙashin shirin da ta kira FAST-TRAC, ta haɗa shi da kyamarori a saman mahaɗu, daga nan ta yi ta faɗaɗawa har ya kai ɗaruruwan fitilu. Dalilinta a fili yake. Gunduma ce da ta bunƙasa da sauri, gidaje da ofisoshi sun cike gefen tituna, kuɗin faɗaɗa hanya da biyan diyya ya fi ƙarfin aljihunta, don haka ta koma matso abin da za ta iya daga titin da take da shi. Abin da ya fi burge ni a labarin Oakland shi ne daɗewar. Sama da shekara talatin ana riƙe da tsari ɗaya, ana sauya kyamarar da ta tsufa, ana horar da sabon ma'aikaci kafin tsohon ya yi ritaya. Sannan tsarin ya ratsa garuruwa da dama da ke cikin gundumar. Direba bai san inda iyakar wannan gari ta ƙare ta wancan ta fara ba, shi dai titi ɗaya yake bi. Idan kowane gari na juya fitilunsa da agogonsa, jerin kore zai karye a kan iyaka. A nan ne gunduma ta fi ƙaramin gari dacewa da aikin, kuma shi ya sa a Montgomery ma gunduma ce ke juya fitilu masu yawa da ke kan titunan da asalinsu mallakar jiha ne. Rabin aikin zamanantarwa zama ne a teburi tsakanin hukumomi, a amince wa ke da makullin akwati da kuma wanda za a kira idan fitila ta lalace da tsakar dare.

Sabon salon da ake yi wa laƙabi da ƙirƙirarriyar basira ya fito sarari ne a Pittsburgh. A 2012 masu bincike na Jami'ar Carnegie Mellon, ƙarƙashin Stephen Smith, suka gwada tsarin Surtrac a mahaɗu tara na unguwar East Liberty. Babu wata babbar kwamfuta a tsakiya da ke ba da umarni. Kowace mahaɗa na kallon motocin da ke tunkaro ta, ta tsara yadda za ta sallame su da mafi ƙarancin jira, ta sanar da maƙwabciyarta adadin da ta turo mata da lokacin da za su iso, sannan ta sake lissafin cikin 'yan sakan. Sakamakon da suka bayyana ya ja hankalin duniya: lokacin tafiya ya ragu da kusan kashi 25 cikin ɗari, zaman jira da kusan kashi 40, hayaƙi da kusan kashi 20.

Ban da shakka a kan waɗannan alƙaluma, amma ya kamata mai karatu ya san yadda ake karanta irinsu. Tambayar farko ita ce, da me aka gwada? Idan fitilun da aka sauya sun shekara goma ba a taɓa lissafinsu ba, kuma rabin wayoyinsu sun tsinke, duk wani gyara zai ba da sakamako mai ƙayatarwa, ko da injiniya ne ya zauna da fensir. Inda ake kula da fitilu dama, ribar sabon tsari ba ta kai haka. Ya fi nuna kansa a inda zirga-zirga ba ta da tabbas, kusa da filin ƙwallo ko asibiti ko babbar kasuwa, ko ranar da haɗari ya rufe babbar hanya motoci suka kwararo cikin unguwa. Birnin Los Angeles ya fara haɗa fitilunsa da cibiya ɗaya domin wasannin Olamfik na 1984, bai kammala haɗa dukkan kusan 4,500 ba sai 2013, bayan kashe kimanin dala miliyan 400. An samu sauƙi, amma ba wanda zai ce Los Angeles ta rabu da cunkoso. Idan motocin da ke zuwa ta kowane ɓangare sun fi abin da mahaɗa za ta iya ɗauka, babu sakan na banza da na'ura za ta tsinto. A wannan lokaci duk basirarta ba ta wuce zaɓen inda layin zai taru. Kuma an sha gani cewa titin da ya yi sauƙi yakan jawo sababbin motoci, waɗanda da can suke bin wata hanya ko suke shiga bas, har ya sake cika.

Yanzu ga abin da ba a faɗa a bikin buɗewa. Wayar kwalta na tsinkewa. Masu shimfiɗa bututun ruwa su haƙa su datse ta, sanyi da zafi su fasa kwaltar, masu sabunta titi su kankare ta tare da tsohuwar kwalta su tafi ba su gaya wa kowa ba. Kyamara kuwa hasken rana ya dalle ta da hantsi, hazo ko ƙura su rufe mata ido, iska ta karkatar da ita ta koma kallon gefen titi. An tsara na'urar yadda in idonta ya mutu za ta ɗauka cewa kullum akwai mai jira, domin gara a ɓata lokaci da a bar mutum tsaye har abada. Sakamakon shi ne abin da direbobi suka fi tsana: ƙarfe ɗaya na dare, babban titi na tsaye da ja, ɗan lungun da ba ko kare yana shan kore har ƙarshen lokacinsa. A fitila ta gargajiya wannan ɓarna ce ta mahaɗa ɗaya. A tsari mai basira kuwa ƙaryar da idon ya yi tana shiga lissafi, ta bi layi ta gurɓata maƙwabta. Shi ya sa akwai hukumomin da suka sayi irin wannan tsari da tsada, bayan 'yan shekaru suka kashe shi suka koma jadawali, domin ba su da mutanen da za su riƙa bin idanun suna gyarawa.

Yadda kuɗi ke zuwa ma yana ƙara dagula lamarin. Dokar gine-ginen more rayuwa da Amurka ta kafa a 2021 ta ware dala miliyan 100 duk shekara ƙarƙashin shirin SMART domin irin waɗannan gwaje-gwaje na fasaha. Tallafi irin wannan yakan sayi kaya ne, a kafa, a ɗauki hoto. Albashin ma'aikacin da zai hau motar ƙugiya ya goge gilashin kyamara, da kuɗin lasisin manhaja da kamfani ke karɓa duk shekara, da kuɗin layin sadarwa, waɗannan daga aljihun gunduma za su fito, kuma su ne ake fara zaftarewa idan kasafi ya yi ƙunci. A ganina duk gundumar da ba ta rubuta kuɗin kula na shekara goma a gefen kuɗin saye ba, ba ta shirya wa aikin ba. Haka kuma wadda ta sayi kayan da ba sa magana da na wani kamfani ta ɗaure kanta, domin ranar da za ta ƙara mahaɗa goma, farashin da mai kayan ya yanka shi za ta biya.

Montgomery ta ɗauki darasi. A shekarun da suka biyo baya ta sauya na'urorin cikin akwatuna da layukan sadarwa, ta koma tsarin da kowace mahaɗa ke riƙe jadawalinta da agogonta, yadda ko cibiya ta yi shiru fitila ta san safiya ta yi. A ƙarshen watan Yunin 2012 wata guguwa mai ƙarfi ta ratsa yankin ta katse lantarki na kwanaki, ɗaruruwan fitilu suka mutu murus, abin da ya nuna cewa batirin ko-ta-kwana a cikin akwati ya fi wata manhaja mai tsada muhimmanci a irin wannan rana.

Abin da na fi so mai karatu ya tsaya a kai shi ne batun wanda ake fifitawa. Na'ura ba ta da ra'ayi. Abin da aka ce ta rage shi take ragewa, kuma shekara da shekaru abin da ake ce mata shi ne jiran motoci. Ɗauki tsohuwa da za ta ƙetare titi mai faɗin mita 30 da sandarta. Ƙa'idar Amurka tun 2009 tana lissafin cewa mai tafiya a ƙasa na yin kusan mita ɗaya da ɗan ɗori a sakan guda, an ma rage ne daga abin da ake lissafi a da saboda tsofaffi. Wato tana buƙatar wajen sakan 28, ban da lokacin da za ta sauko daga gefen titi. A idon tsarin da motoci kawai yake ƙirgawa, waɗannan sakan 28 asara ce. Zai so ya tsawaita zagaye, ya bar ta tsaye minti biyu a rana ko a ruwan sama. Mutum kuwa in jira ya yi masa yawa yakan yi kasada ya kutsa tsakanin motoci, a nan ake rasa rai. Ko a Pittsburgh, masu tafiya a ƙasa sun koka a farkon gwajin, sai da aka koma aka saka iyakar lokacin da za a bar su suna jira. Babu mugun nufi a wajen masu tsarin, kawai ba a ba na'urar idon ganin mutum ba ne tun farko. Mai babur da mai keke ma sukan faɗa wannan rami, domin ƙarfensu kaɗan ne, wayar kwalta ba ta cika jin su ba.

Fasahar nan kuma ita ce za ta iya gyara wannan idan an so. Akwai dabara mai sauƙi ta ba mai tafiya a ƙasa hannu sakan uku zuwa bakwai kafin a saki motocin da za su yi kwana ta kansa, yadda zai riga ya shiga tsakiyar titi direba na ganinsa. Hukumar manyan hanyoyi ta tarayya ta ce wannan na rage kaɗe mutane a mahaɗa da kusan kashi 13 cikin ɗari, kuma ba ya cin komai sai sauya lissafi. Akwai ba motar asibiti da ta kashe gobara damar kiran kore tun daga nesa. Akwai riƙe wa bas kore na 'yan sakan idan ta makara, kamar yadda aka tanadar wa bas ɗin Flash da Montgomery ta fara a kan titin US 29 a 2020. Bas mai mutum hamsin da mota mai mutum ɗaya, in ababen hawa ake ƙirgawa daidai suke, in mutane ake ƙirgawa ba su haɗa hanya ba. Gundumar ta kuma ɗauki alkawarin kawo ƙarshen mace-mace a titunanta kafin 2030, alkawarin da tilas wani lokaci ya ci karo da burin direba na isa da wuri. Wannan ba hukuncin injiniya ba ne, balle na kamfani. Na zaɓaɓɓun wakilai ne da jama'ar unguwa, kuma ya kamata a yanke shi a bainar jama'a a rubuta, kafin a loda wa na'ura.

Haɗa fitilu da layin sadarwa yana buɗe wata ƙofa. A 2014 masu bincike na Jami'ar Michigan, da izinin wata hukumar hanya da ke jihar, sun nuna cewa da kwamfutar cinya da 'yar rediyo za su iya shiga tsarin fitilu kusan ɗari, saboda saƙonnin ba a kulle suke ba kuma ba a sauya kalmar sirrin da kayan suka zo da ita daga kamfani ba. Waccan ƙaramar na'ura mai sa ido ta hana a ba kowa kore a lokaci ɗaya, amma mai mugun nufi na iya tsayar da gari cik. Kyamara kuma ba ta san an kafa ta don ƙirga motoci kaɗai ba. A San Diego an saka dubban na'urori masu kyamara a kan fitilun haska titi da sunan nazarin zirga-zirga da wurin ajiye motoci, daga baya jama'a suka gano 'yan sanda na amfani da hotunan, rigima ta tashi har aka dakatar da su a 2020. Ko mutum na goyon bayan 'yan sanda su duba ko ba ya goyo, haƙƙin jama'a ne a gaya musu tun farko abin da ake ɗauka, da tsawon lokacin da ake ajiye shi, da wanda ke da ikon gani.

A 'yan shekarun nan wata hanya mai araha ta ɓullo, kuma a gundumar Oakland ɗin nan aka gwada ta. Masu bincike na Jami'ar Michigan ƙarƙashin Henry Liu sun karɓi bayanan tafiya daga motocin General Motors masu haɗe da intanet, suka duba inda motocin ke tsayawa da tsawon tsayuwarsu a garin Birmingham mai fitilu 34. Ba su tsaga kwalta ba, ba su rataya kyamara ba. Daga ɗan kason motocin da ke aiko da bayani suka gano fitilun da lissafinsu ya tsufa, aka gyara, tsaye-tsaye suka ragu da kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari a inda aka taɓa, kamar yadda suka wallafa a 2024. Kamfanin Google ma na yin makamancin haka da bayanan taswirarsa a shirin Green Light, a birane irin su Seattle, Hamburg, Jakarta da Kolkata, inda yake ba injiniyoyin gari shawara su kuma su murɗa da hannunsu. Wannan ba ya sa fitila ta yi tunani nan take, amma yana kashe babbar cutar, wato jadawalin da ya kwana biyu. Rauninsa shi ne sababbin motoci da masu manyan wayoyi ne ke aiko da bayanin, unguwar talakawa da mai tafiya a ƙasa ba su cika bayyana a ciki ba.

Mai karatu a Kano ko Kaduna ko Yamai zai ce ina ruwansa, kuma yana da ruwa, domin masu tallan kayan nan sun fara ƙwanƙwasa ƙofofin gwamnatocinmu. Yawancin tsare-tsaren an gina su ne a kan titin da mota ke bin layi, ta tsaya a bayan farin zane. A mahaɗar da Adaidaita Sahu biyar ke jeruwa a wurin mota biyu, ga mai kura, ga babur yana saƙawa ta tsakani, wayar kwalta ba za ta san me take ƙirgawa ba, kyamarar da aka horar da motocin Turai ma haka, ga ƙurar hunturu da za ta lulluɓe gilashinta cikin kwana kaɗan. Biranen Indiya masu irin cakuɗarmu sai da suka ƙera nasu tsarin. A wajenmu jerin aikin daban ne: wuta da batirin da ba sa yankewa, zanen layi a kan kwalta, akwatin da ɓarawo ba zai fasa ba, ma'aikacin da ke da kayan gyara a sito, da jami'in hanya da ke mara wa danja baya maimakon ya tsaya a ƙarƙashinta yana ba da hannu saɓanin abin da take nunawa. Gwamnatin da ta iya riƙe mahaɗu ashirin suna aiki dare da rana tsawon shekara uku, da lissafin da aka sabunta, ita ce ta kai matsayin zama da kamfani a yi maganar kyamara da manhaja.